Fentin hoda a kan kayan inji: yadda ake gane mai aikin da yadda ake dace da kala

Yau za mu tsaya kan wani fenti da ake yi wa ƙarafan mota da na babur, wanda wasu ke kira fentin hoda, wasu fentin gashi. Mai son a gyara masa murfin kan inji, ko janti, ko ƙafar babur, sai ya ji an ce ya kai a gasa. To mene ne shi, ina ake samun mai yi, kuma yaya za a yi kalar ta fito yadda ake so?

Fentin da muka saba da shi ruwa ne, a fesa a bar shi ya bushe. Wannan kuwa gari ne busasshe, laushinsa kamar hodar shafawa. Ana fesa shi da wata bindiga mai ɗora wa garin cajin lantarki, shi kuma ƙarfen an maƙala masa waya zuwa ƙasa, sai garin ya manne masa. Daga nan a rataya shi cikin tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, ya yi minti 10 zuwa 20 bayan shi kansa ƙarfen ya ɗauki wannan zafi. Garin ya narke, ya haɗe, ya zama fata guda mai tauri. Shi ya sa ya fi fentin gwangwani jure ƙarzuwa da tsatsa.

Ba kowane abu ne ke shiga tanda ba. Roba da duk abin da ke narkewa, sai an cire su tukuna. Salansa da bakin bututun da hayaƙi ke fita daga inji kuwa, zafinsu ya wuce abin da hoda ta yau da kullum ke ɗauka, za ta ƙone ta ɓanɓare. Su akwai nasu fentin na jure wuta. Haƙarƙarin injin babur, da iska ke sanyaya shi ta wurin, gara kada a lafta masa fata mai kauri.

Wajen neman mai aikin, suna ne farkon abin da ke ɓatar da mutane. A Faransanci thermolaquage ake ce masa, wannan kalmar za a tambaya a Yamai ko Kotono. Wanda ya ƙetara Kano sai ya ce fauda kotin. A lura, akwai masu fentin jikin mota da ke cewa su ma suna gasawa, alhali ɗaki ne mai ɗumi da ke busar da fentin ruwa. Aiki ne mai kyau, amma ba shi ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi masu ƙera tagogin alminiyam da kujerun ƙarfe da akwatunan lantarki inda suke kai nasu kayan, don su ne suka fi hulɗa da masu tanda.

In an je, ido ya fi kunne. A ce a nuna tandar, a ga ko tana da ma'aunin zafi. A ga inda suke wanke maiƙo da inda suke feshin yashi don kankare tsohon fenti da tsatsa, domin fentin da aka ɗora kan datti ba ya daɗewa. A tambayi inda ake ajiye garin. Hoda tana son wuri mai sanyi marar laima. Wadda ta sha zafin watan Afrilu cikin shagon kwano takan dunƙule, ta fito da gudaji. Sannan a tambaya ko sun taɓa yin kayan inji, don mai yi wa ƙofar gida fenti ba lalle ne ya san haɗarin da ke cikin murfin inji ba.

Haɗarin kuwa babba ne. Cikin murfin kan inji akwai wani faranti da ke tare man inji. Yashin feshi yana shiga bayansa ya ɓuya. In ba a wanke shi tas ba, ranar da aka ɗaura, mai zai kwaso yashin ya zagaya da shi cikin inji, ya cinye ƙarafan da ke juyawa. An je neman kyau, an dawo da sauke inji. Don haka a ce musu kada a fesa yashi ta ciki, kuma makanike ya sake wankewa kafin ya ɗaura. Haka fuskar da juwan ke zama da ramukan bulon, dole a rufe su kafin feshi. In hoda ta hau, mai zai riƙa ɗiga, bulon kuma ya ƙi shiga. Alminiyam ɗin da aka zuba, wanda ya shekara yana shan mai, ana fara gasa shi ba fenti don ya fitar da abin da ya tsotsa, in ba haka ba fentin zai fito da ƙuraje.

Sai batun kala, inda rigima ta fi yawa. Mai fentin ruwa yana iya zuba ja cikin fari ya motsa har ya samu abin da kake so. Hoda ba ta haka. In aka gauraya kala biyu, ɗigo-ɗigo za ta fito kamar jikin zabuwa. Kalar daga masana'anta take zuwa, da lambarta. Lambobin da aka fi aiki da su su ne na RAL, tsarin da aka fara a Jamus a 1927 da kala 40, yanzu sun haura 200, kowace da lamba huɗu. RAL 9005 baƙi ne wuluk, 9010 fari, 3020 ja, 9006 ruwan azurfa.

Lambar fentin mota daban take. A Toyota, misali, ana ganinta a ɗan allon da ke jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin gaba, bayan haruffan C/TR, kuma 040 wani fari ne da suka yi suna da shi. Wannan lambar ta fentin ruwa ce, ba ta da tagwai a RAL, sai dai mafi kusa. Kuma motar da ta shekara goma tana shan ranar Tawa, kalarta ta riga ta koɗe daga yadda ta fito. Dabarar ita ce a tafi da wani yanki na motar, kamar murfin tanki, a kara shi da littafin kaloli a waje cikin hasken rana. A faɗi ko mai ƙyalli ake so ko marar ƙyalli, don lamba ɗaya tana fitowa iri-iri. In da hali, a gasa ɗan guntun ƙarfe a gani kafin a taɓa kayan. Duk abin da ake so ya zo kala ɗaya, a kai shi tare, a yi shi da kwali ɗaya.

A tambayi irin garin ma. Efoksi yana jure mai da tsatsa, amma rana tana sa shi ya yi fari-fari kamar alli. Foliyesta ya fi jure rana, shi ya dace da janti da duk abin da ke waje.

Ƴan uwa da ke Faransa ko Amurka ko Legas masu aiko da kaya ko kuɗin gyara, kada a dogara da hoton WhatsApp, kowace waya da yadda take nuna ja. A aiko da lamba a rubuce. Na gida kuma, kafin a miƙa kuɗin kafin alƙalami, a rubuta lambar kala, da wuraren da za a rufe, da ranar karɓa, kowa ya riƙe takardarsa. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.