Abin da ya kamata ku sani game da amfani da kalmar "separate" a Turanci

Kalmar "separate" na cikin kalmomin aikatau da mai koyon Turanci ke cin karo da su ko'ina: a takardar jarrabawar WAEC da NECO, a littafin girki, a labaran duniya, har da fom ɗin neman biza. Da yawa sun san tana nufin rabawa, amma wajen sa ta a jimla ne ake yin tuntuɓe. Dalili kuwa shi ne "raba" ta Hausa tana da faɗi ƙwarai. Da ita muke raba faɗa, mu raba gado, mu raba goro a wurin ɗaurin aure. Bature yana da kalma daban ga kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuma aikin "separate" guda ne: ware abubuwan da suke haɗe, ko zama shamaki a tsakaninsu.

Ginin jimla

Sigar da aka fi amfani da ita ita ce a ambaci abu na farko, a sa "from", sannan a kawo na biyu. Uwar gida da za ta yi wanki sai ta ce wa 'yarta: "Separate the white clothes from the coloured ones," wato ta ware fararen kaya daga masu launi kada rini ya zuba a kansu. Mai haɗa kek za ta ga an rubuta "Separate the yolk from the white," sai ta fasa ƙwai a bakin kwano, ta riƙa juya gwaiduwar tsakanin ɓawon biyu har farin ya tsiyaye ƙasa.

Idan kuma abu ɗaya ne za a kasa shi rukuni-rukuni, sai "into" ta shigo. Malami zai ce: "Separate the pupils into four groups," a kasa ɗalibai gida huɗu.

Kalmar tana iya tsayawa ita kaɗai ba tare da abin da aikin ya faɗa wa ba. A darasin kimiyya ana cewa "Oil and water separate," domin duk yadda aka girgiza mai da ruwa a kwalba, da an ajiye sai man ya taso sama.

Akwai kuma inda ake nufin abin da ya shiga tsakani. "The English Channel separates England from France" na nufin mashigin tekun nan ne ya raba Ingila da Faransa. Katangar Berlin, wadda aka fara ginawa a 1961 ta faɗi a 1989, ana bayaninta da cewa "The wall separated East Berlin from West Berlin." Haka nan ɓallewar ƙasa: "South Sudan separated from Sudan in 2011."

Inda Hausa ke jan mu zuwa kuskure

Kuskure na farko shi ne cewa "separate with". Tushensa a bayyane yake: muna cewa "ya rabu da abokinsa", sai mu ɗauki "da" mu mayar da ita "with". Turanci bai yarda da haka ba. Daidai shi ne "He separated from his friend."

Na biyu shi ne rabon kaya. Idan uba ya ba yara naira dubu uku su raba, ba za a ce "separate the money" ba. Sai dai "share the money" ko "divide the money among you", domin kowa zai samu kasonsa ne. Amma ɗan kasuwar da ya cire kuɗin jari ya ajiye gefe, ya bar riba a wani aljihu, shi kam ya yi "separate", tunda warewa ya yi. A lissafi ma "divide" ake amfani da ita: goma a raba biyu ita ce "ten divided by two".

Na uku shi ne rabon faɗa. Sau da yawa za ka ji an ce "separate the fight". Za a gane abin da ake nufi, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja jan biro a ƙarƙashinsa. Mutanen ake janyewa daga juna, don haka sai a ce "They separated the two boys," ko kuma "They broke up the fight."

Batun aure

Nan akwai buƙatar kula, musamman wajen cike fom. Idan aka ce "They have separated," ana nufin miji da mata sun daina zama tare amma igiyar aure tana nan. Wanda aurensa ya mutu ta hanyar saki shi ne "divorced". Shi ya sa a fom da yawa za ka tarar da gurbi daban-daban na "married", "separated", "divorced" da "widowed". Wanda ya zaɓi gurbin da ba nasa ba ya ba da bayanin da ba daidai ba game da kansa.

Rubutu da furuci

Kalmar ta samo asali daga "separare" ta Latin, kuma tana cikin waɗanda har 'yan asalin harshen ke kuskuren rubutawa, su sa "seperate". Bayan harafin "p", "a" ne ke zuwa. Malaman Turanci suna da wata tsohuwar dabara: su ce a duba tsakiyar kalmar akwai "a rat", wato ɓera. Wanda ya tuna ɓeran ba zai sake ɓata rubutun ba.

Furuci kuma iri biyu ne. Idan aikatau ce, gaɓa uku ake ji, ƙarshenta da ja: se-pa-reit. Idan sifa ce mai nufin daban-daban, kamar a "They sleep in separate rooms," sai a taƙaita ta: sep-rit. Aikin da ya wuce shi ne "separated", mai gudana "separating", sunan aikin kuma "separation". Daga nan ne "separation of powers" ta fito, wato rarrabe iko tsakanin majalisa, ɓangaren zartarwa da kotu, kamar yadda sashe na 4 da na 5 da na 6 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 suka tanada.

Saboda haka kafin ku rubuta kalmar, ku tambayi kanku abin da ke faruwa a jimlar. Idan kowa zai tafi da rabonsa, ku nemi "share" ko "divide". Idan abubuwan da ke haɗe ne za a nisanta su da juna, ku ɗauki "separate", ku bi ta da "from".