Gulma Da Tsegumi Sun Hau Sama

A cikin watan Disamba na 2013 aka yi taro a Kaduna, inda Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya buɗe wani ɗan ƙaramin jirgin sama wanda sojan saman Nijeriya suka ƙera. Ba shi da wurin zama, ba kuwa mai shiga cikinsa. Aka raɗa masa suna Gulma. Ran 15 ga Fabrairu 1918 da ɗari, watau 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ƙanensa a Kadunan, wanda aka ƙera da taimakon kamfanin UAVision na ƙasar Fotugal, shi kuma aka sa masa Tsaigumi. Ko wane ne ya zaɓi sunayen nan, labudda ya san Hausa. Gama aikin jiragen nan biyu bai wuce na magulmaci ba: su leƙa abin da mutane ke yi, su kai rahoto wurin wanda ya aiko su.

Yadda abin yake, matuƙin yana zaune a ƙasa cikin ɗaki, da allo a gabansa. Jirgin yana can sama da na'urar ɗaukar hoto a ƙarƙashin cikinsa, yana aiko da abin da ya gani ta iska. Manyansu sukan yini su kwana suna shawagi ba su sauka ba, da dare kuma suna gane ɗumin jikin mutum da na dabba. Waɗansu leƙe kaɗai suke yi, waɗansu kuwa suna ɗauke da bam. Irin masu bam ɗin Nijeriya ta fara sayensu daga ƙasar Sin, ta fara kai hari da su a dajin Sambisa a 2016, daga baya ta ƙaro waɗansu daga Turkiyya.

To, me ya haɗa mutumin Ketare da wannan magana?

Duk wanda ya san ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san amsa. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, amma tana jingine da dazuzzukan da suka miƙe zuwa Zamfara da Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka yi sansani shekara da shekaru. Daren 11 ga Disamba 2020 suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara, suka kora yara cikin daji da ƙafa, sai ran 17 ga wata aka sako yaro 344. A kwanaki shidan nan tambayar da ke bakin kowa ita ce, yaya za a yi taron mutum ɗari uku su ratsa daji ba a gan su ba? Uban da ɗansa ke cikin yaran nan, da an ce masa ga wani ido a sama wanda ba ya barci, ai ba zai tsaya jin wata muhawara ba. Haka manomin da ya bar gonarsa ta bakin daji ta koma saura. Bukatarsu gaskiya ce, ba kuwa mai hankalin da zai raina ta.

Amma a duba abin da idon nan ke gani. Daga sama babur babur ne. Ayarin mutum talatin a kan babura da almuru, ko 'yan bindiga ne za su kai hari, ko 'yan ɗaurin aure ne ke sauri su isa gida kafin duhu, ko kuwa 'yan sa kai ne ke bin sawun shanun da aka kore, hotonsu a allo ɗaya ne. Jirgin ba ya jin gaisuwa, bai san fuskar kowa ba, bai san ranar kasuwa ba. Ɗan sandan da ke tsaye a bakin hanya yana iya cewa, "Kai ɗan gidan wane ne?" Na sama ba shi da baki.

Mun ga inda wannan ya kai. Daren 3 ga Disamba 2023 mutanen Tudun Biri, a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, suna taron Mauludi, sai jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya sakar musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce bayan ɗan lokaci na biyu ya faɗo kan masu kwasar 'yan'uwansu. Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120, da yawansu mata da yara. Babban Hafsan Sojan Ƙasa, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, a 2024 kuma Hedkwatar Tsaro ta ce za a kai soja biyu gaban kotun soja. Na'urar ba ta ɓaci ba a daren nan. Ta nuna taron mutane, taron mutane kuwa ke wurin. Fassarar da aka yi wa hoton ita ta kashe su.

WUƘA MAI BAKI BIYU

Akwai wani gefen maganar kuma, wanda ya shafi masana da masu koyarwa. Tun 2022 kamfanin Zipline ya fara aika magunguna da alluran rigakafi da ƙananan jirage daga Pambegua zuwa asibitocin karkarar Jihar Kaduna, kamar yadda ya fara da jini a Ruwanda a 2016. Jirgin yakan saki ɗan kwali daga sama ya juya gida. Ilimin da ya sa kwalin magani ya faɗi daidai harabar asibiti, shi ne dai ilimin da zai sa wani abu dabam ya faɗi daidai kan mutane. 'Yan ISIS sun yi haka a Mosil ta Iraƙi a 2016 da 2017, da jiragen kasuwa irin na masu ɗaukar hoton biki. A Disamba 2024 mayaƙan ISWAP suka yi irinsa kan sansanin soja a Wajiroko ta Jihar Borno.

Masana na kiran wannan bincike mai amfani biyu, ba kuwa sabon abu ba ne. Takin zamanin da manomin Faskari ke zuba wa masararsa ya samo asali daga aikin wani Bajamushe, Fritz Haber, wanda ya gano hanyar kamo sinadarin taki daga iska a 1909. Hanyar nan ta ciyar da miliyoyin mutane. Ita ce kuma ta ba Jamus albarushi a Yaƙin Duniya na Farko, shi Haber ɗin kuwa shi ya shugabanci sakin iskar guba a kan soja a Beljiyam a 1915.

Abin da hukuma ta kan fara yi in ta gamu da irin wannan shi ne hanawa. A 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta hana kowa tayar da jirgi marar matuƙi sai da izninta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Wannan daidai ne, gama izni yana barin suna a takarda. Amma hanawa ta gaba ɗaya, mutanen ƙasar nan sun ɗanɗana ta. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwannin dabbobi da dama, aka kuma yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalilin a fili yake, da babur da fetur da waya ɗan bindiga ke aiki. Sai dai da su ne kuma mai naƙuda ke isa asibiti, da su ne ƙauye ke kiran gudummawa. Aka yi watanni mutum na tafiya mai nisa don ya buga waya ɗaya. A ganinmu wanda ya ce a hana yaranmu koyon ƙera jiragen nan don kada ɓata-gari su koya, ya manta cewa ɓata-garin ba a aji suke koya ba, saye suke yi. Malamin kimiyya ya koyar da injin. Amma ran da ya koyar da shi ya ba ɗalibansa labarin Tudun Biri, su san nauyin da ke kan wanda ke zaune gaban allo.

AIKIN MASU ALƘALAMI

Abin da idon sama ya rasa yana hannun na ƙasa. Dagaci ya san ranar da za a yi Mauludi a garinsa, mai unguwa ya san gidan da ake biki, hedimasta ya san ranar da yara za su taru a fili. In akwai hanya tabbatacciya da labarin nan zai tashi daga ƙauye ya bi ta ofishin hakimi ya isa wurin kwamandan soja kafin ranar, a rubuce, da kwanan wata da sa hannu, to, an rage zato. Wani zai ce ai takardar tana iya faɗawa hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Haka ne, shi ya sa ba kowa za a damƙa wa ita ba. Amma 'yan bindiga sun riga sun san ranar kasuwa da ranar biki. Soja baƙo daga wata jiha shi ne bai sani ba.

Sa'an nan a dubi lissafin nan na 85 da 120. Zamanin En'e malamin haraji yana da sunan kowane magidanci na kowace unguwa a littafinsa. An soke haraji da jangali a nan a 1979, lokacin da ƙasar Katsina ke cikin Jihar Kaduna, ba kuwa mai kewarsu. Littafin sunayen ne muke kewa. Garin da ba shi da rajistar mutanensa, ran da tsautsayi ya auku, ba abin da zai ɗora a gaban kwamitin bincike, sai kowa ya faɗi adadin da ya ga dama, diyya kuma ta bi inda ta bi. Magatakardan hakimai da akawunan ƙananan hukumomi da malaman makaranta na iya fara wannan aiki ba tare da jiran umurni daga Abuja ba. Littafi ɗaya mai bango ya isa unguwa guda, a riƙa gyara shi bayan kowace kaka.