Gora Kafin Homa: Yadda Sarkawa Ke Koyar Da Ruwa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton bikin kamun kifi na Argungu ya ga dubban mutane sun afka Matan Fada a lokaci guda, ruwa ya turɓune ya koma laka. Ido yakan tafi kan homa, daga nan sai kan giwan ruwan da aka rungumo zuwa ma'auni, irin wanda ya ci gasar 2020 mai nauyin kilo 78. Ba a cika lura da gorar da masunci ke kwance a kanta ba. Alhali a sarkanci gora ta girmi homa. Yaro yakan yi shekaru yana wasa da ita kafin a yarda ya riƙe abin kamu, domin a wannan sana'a ba a fara koyon kama kifi sai an gama koyon yadda ruwa ba zai kama mutum ba.

Sarkawa mutanen gulbi ne, cibiyarsu ƙasar Kabi, kuma masana tarihi na danganta su da Sorko, masuntan daular Songhai. Daga Gulbin Kabi suka bi Kwara suka sauka Yawuri, inda suka tarar da Gungawa a tsibirai, wasu suka miƙe har Binuwai, wasu Tafkin Cadi. Ko'ina suka yada zango da tsarinsu suke tafiya: akwai Sarkin Ruwa, shi ke faɗin ranar da za a buɗe gurbi da ranar da za a rufe shi, shi ke sasanta rigimar wurin kafa taru, kuma shi ake tasa tsakar dare in ruwa ya ci mutum. Kayan aikinsu kowa ya san sunansu ko da bai taɓa riƙewa ba: birgi da ake wurgawa, mamari mai jerin ƙugiyoyi, gura da ake girkewa a bar ta, da kwalekwale da filafilinsa. Bikin Argungu kansa, wanda aka soma a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, baje kolin wannan sana'a ne. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ga wanda ke son ganin gwaninta, ranar wasannin Kabanci ta fi ranar babban su daɗin kallo: tseren kwalekwale, gasar ninkaya, gasar nutso, kamun agwagwar ruwa, da lalube, wato kamun kifi da hannu tsura.

To yaya ɗan Basarke ke zama haka?

Ba a kai shi makaranta, amma akwai darasi, kuma darasin yana da hawa-hawa. Farko dai bakin gulbi, wurin da uwarsa ke wanki da wanke-wanke. Yaro na rarrafe a yashi, ruwa na lasar ƙafarsa, ana watsa masa a fuska yana kuka yana dariya. Kafin ya yi wayon da zai san abin tsoro ne, ya riga ya saba da ruwa a hanci da kunne. Wannan mataki kuwa shi ne wanda babban mutum ya rasa, kuma shi ya fi wuyar ramawa.

Sai gora. Babbar ƙwarya ce da ba a fafe ta biyu ba, an huda mata baki a sama kawai, ta bushe ta yi sauƙi. Yaro zai kifa cikinsa a kanta, bakin na ƙarƙashin cibiyarsa, hannuwa da ƙafafu na reto cikin ruwa. Ranar farko ba abin da take yi sai juyewa da shi. Ya hau ta kuɓuce, ya sake hawa ta wuntsila shi, yayyensa na gefe suna ƙyalƙyala dariya. Amma a wannan kokawa yake gano abin da ba ya faɗuwa da baki: in ya ɗaga kai sama ƙafafu su nutse, in ya shimfiɗe ya yi lamo sai ruwa ya ɗauke shi. Za ka ji uban daga cikin kwalekwale yana gyaran birgi, ko kallonsa bai yi ba, yana cewa, "Saki jikinka, ɗan nan. Kai ke kā da kanka." Daga baya sai a ba shi ƙaramar gora, sannan wata rana wani yayansa ya fizge ta ya tura gaba kaɗan, yaro ya bi ta da fafutuka, bai ankara ba ya yi iyo. Ita gorar ba a rabuwa da ita ko an girma. Masunci na hutawa a kanta a tsakiyar gulbi, yana jefa kifin da ya kama a cikinta.

Nutso ne ajin ƙarshe. Ana jefa dutse ko wani abu mai nauyi a ce a ɗauko, ana ƙara zurfi a hankali. Nan yaro ke koyon haɗiyar yawu ko toshe hanci ya hura in kunne ya fara zafi, da lalube da tafin hannu, tun da a gulbin damina ido ba ya ganin komai. Nan kuma yake koyon karatun ruwa, wanda ni a ganina shi ne ainihin ilimin sana'ar. Inda saman ruwa ya yi sumul alhali gefensa na gudu, akwai zurfi. Inda yake juyawa yana tara kumfa da ciyayi, ana kauce masa. Ba a ja da igiyar ruwa. Bin ta ake a karkace har ta sauke mutum a gaɓa, ko da can ƙasa da inda ya nufa. Ana sanin gurbin kada da mashigar dorina, da lakar da ke riƙe ƙafa, da ƙayar ƙurungu, da girgizar minjirya.

Na taɓa ganin yadda abin yake ga wanda ya zo da gemunsa. Wani malamin firamare ne aka tura wani ƙauye a hayin gulbi, mutumin tudu, wanda ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba. Duk ranar fito zai zauna tsakiyar kwalekwale ya ƙanƙame katako da hannu biyu, leɓe na motsi da addu'a, in jirgi ya ɗan karkata ya zabura, zaburar tasa ta ƙara karkatar da shi. Masu fito sun fi tsoron irin wannan fasinja da hadari. Ƙarshe dai Sarkin Ruwan garin, dattijo mai 'ya'ya a ajin malamin, ya ja shi wani lungu da yamma inda ɗalibai ba za su gani ba.

"Ranka ya daɗe," in ji malamin, "ni fa in ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, raina tashi yake."

"To Malam, tsaya inda take taɓawa. Wa ya kore ka?"

Bai koya masa bugun hannu ko na ƙafa ba. Ruwa iya ƙugu, ya ce ya durƙusa ya sa fuska ya hura iska ta hanci har kumfa ta tashi, ya ɗago, ya sake. Da farko malam na ɗagowa a firgice yana tari yana share ido. Dattijon na tsaye, hannu ɗaya a kafaɗarsa, yana ba shi labarin farashin gero. Da numfashi ya daidaita sai ya sa shi kwanciya rigingine, ya tallafi ƙeyarsa da tafin hannu, ya ce ya cika ƙirji da iska ya bar kunnuwa su shiga ruwa ya kalli sama. Ana cikin hira ya zare hannun. Malam ya jima yana shawagi shi kaɗai kafin ya gane, yana ganewa kuwa ya ƙanƙame jiki ya nutse, ya miƙe tsaye ya ga ruwan bai kai ƙirjinsa ba. Dariyar da ya yi a wurin ita ce farkon rabuwarsa da tsoro. Bai zama gwani ba, amma kafin ƙarshen zangon karatu yana zama a bakin jirgi yana hira.

Abin da dattijon ya yi shi ne abin da masu koyar da ninkaya ke yi a ko'ina a duniya, kuma dalilinsa a fili yake. Huhun da ke cike da iska yana ɗaga jikin mafi yawan mutane. Mai firgita kuwa yana yin duk abin da ke rushe wannan: ya miƙe tsaye cikin ruwa, ya ɗaga hannuwa sama, nauyinsu ya danna kansa ƙasa, ya fitar da iskar da ke riƙe da shi, ya shaƙi ruwa a madadinta.

A nan nake da ja da yadda muke ba da labarin Sarkawa. Mun fi son mu ce asiri ne: an ba su sun sha, ruwa ba ya cin su, suna da alkawari da mutanen ruwa. Su ma ba sa musantawa, don kwarjini jari ne, kuma gaskiya ne akwai addu'o'i da tsare-tsaren da suka gada suke riƙe da su. Sai dai wannan labari ya yi mana ɓarna. Ya sa ɗan tudu na ganin iyo gado ne, wanda bai gada ba ya haƙura. Ga shi kuwa Hausawa da kansu sun ce wanda ya iya ruwa shi ruwa kan ci, kuma ba gidan Basarken da ba a san wannan ba: taru kan naɗe ƙafar gwani, sanyin hunturu kan ɗaure masa jijiya, mai gasar nutso kan wuce ƙarfin numfashinsa ya suma a ƙasa. Tsofaffin masunta ba marasa tsoro ba ne. Sun dai san abin da ya cancanci tsoro da wanda bai cancanta ba.

Ɓangaren sana'ar da ba a kaɗa masa ganga shi ne ceto da neman gawa. Duk Basarke zai gaya maka wanda ruwa ke ci ba ya ihu. Bakinsa na fitowa yana komawa, ba shi da iskar kira, kuma abin ba ya wuce minti guda. Zai kuma gaya maka kada ka tunkare shi ta gaba, don zai rungume ka da ƙarfin da bai san yana da shi ba, ku tafi tare. Gwangwala ake miƙa masa, ko a jefa masa gora ko jarka rufaffiya, in kuwa dole sai an shiga, ta baya ake kamo shi. Inda al'ada ta kuskure shi ne bayan an fito da mutum. Ana kifa shi ana danna ciki, ko a ɗaga yaro ta ƙafa wai ruwa ya zubo. Likitoci sun nuna wannan ɓata lokaci ne, yana ma iya turo amai ya toshe maƙogwaro. Abin da ke ceton wanda ya daina numfashi shi ne hura masa iska baki da baki da danna ƙirji. Sarkawa na da abin koyarwa, suna kuma da abin koyo.

Aikin ceton nan kuwa ƙaruwa yake. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya shanye tsohuwar Busa, wurin da ruwa ya ci Mungo Park a 1806, ya kuma shanye dazuzzuka da kututturansu, waɗanda har yau suke fasa jirage in ruwa ya ja baya. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 daga Jihar Neja zuwa Wara a Jihar Kebbi ya tarwatse, kaɗan suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa aƙalla 29. A irin waɗannan wurare masuntan yankin ne kan fara isa, su ne kan kwana suna lalube. Lodin wuce kima, tafiyar dare da rashin rigar da ke hana nutsewa su ne manyan dalilai, kuma iyo ba ya maye gurbin gyara su. Amma ko ba jirgi, kududdufan Kano da ramukan da aka haƙi ƙasa na cin yara duk bazara, sai dai a ji 'yan kwana-kwana sun ciro gawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma Afirka ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a.

Abin mamaki, muna yawan jin a wa'azi maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar kan a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, sannan mu zane yaron da ya dawo da jiƙaƙƙen wando. Dukan ba ya hana shi zuwa. Ɓoyewa kawai yake koya masa. 'Yan mata kuwa, in ba na bakin gulbi ba, ba a ma sa su a lissafi, alhali su ne ke cika jirgi ranar biki da ranar kasuwa.

Ba sai an gina wurin ninkaya irin na otal ba. A Bangladesh, shirin SwimSafe na kafa dandamalin itacen gora a cikin kududdufin ƙauye, a kewaye wuri marar zurfi, matasan garin da aka horar su koyar da yara har su iya iyo na mita 25, su yi shawagi na daƙiƙa 30, su kuma iya ceto daga gaɓa. Mu kuwa muna da malaman, wato Sarkawa, ba wanda ya taɓa ɗaukar su aikin ne kawai. Ga Basarken da kifi ke ƙaranci a gurbinsa, wannan wata ƙofar abinci ce. Babban cikas shi ne tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwa mai kwanciya inda dodon koɗi ke zama, don haka zaɓen wuri ba aikin Sarkin Ruwa shi kaɗai ba ne. Sai an haɗa shi da ma'aikacin lafiya: ɗaya ya nuna inda babu kada da rami, ɗayan ya duba ruwan ya kuma tanadi maganin praziquantel da ake rabawa a makarantu.