Dalilin Da Ya Sa Ake Rufe Dutse Saboda Shaho

A ƙasar Amurka akwai wani gandun daji mai suna Yosemite, inda mutane sukan je su hau manyan duwatsu da igiya don nishaɗi. Amma kowace shekara, daga 1 ga Maris zuwa 15 ga Yuli, hukumar gandun takan hana hawan waɗansu sassan duwatsun. Dalili kuwa shi ne wani irin shaho da Turawa ke kira feregirin, wanda gudunsa yakan wuce kilomita 300 a awa guda idan ya kawo sura daga sama.

Wannan shaho ba ya saƙa sheƙa kamar sauran tsuntsaye. Uwar takan sami ɗan lungu a jikin dutse ta zuba ƙwai 3 ko 4, a kwanta musu kamar wata guda. Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan sukan yi kusan mako 6 kafin su iya tashi. Idan mai hawa ya matso, iyayen sukan firgita su tashi, ƙwai su yi sanyi, ko kuwa ɗan da bai gama fiffike ba ya faɗo ya mutu.

An taɓa kusan rasa tsuntsun nan a Amurka, domin maganin ƙwari na DDT ya sa ɓawon ƙwansa ya yi laushi yana fashewa. Aka hana DDT a 1972, aka kuma tsare wuraren ƙwansa, har a 1999 aka cire shi daga jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

Mu ma wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. A Argungu, ba a barin kowa ya yi su a ruwan Matan Fada sai ranar biki. Hutun nan ne yake ba kifi damar girma da hayayyafa.

A Bodinga da Shagari ba mu da duwatsu irin na Yosemite, amma muna da kuka da giginya, muna kuma da yara masu ɗanko da ƙwarewar hawa. Mun san shaho yakan ɗauki ɗan tsako, shi ya sa ake jin haushinsa. Sai dai mu tuna cewa shaho da danginsa suna cin ɓeraye da jan baki, waɗanda ke ɓarnar gero da dawa a gonakin iyayenmu. Littafin Maimaitawar Shari'a 22:6-7 ma ya hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta.

Saboda haka, ɗalibai, idan kun je hutu kuka ga sheƙa mai ƙwai, ku bar itacen har 'ya'yan su tashi, ku kuma faɗa wa ƙannenku. Makonni kaɗan ne kawai. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.