Daren da Franklin Ya Tashi Kashe Talotalo, Wuta Ta Juyo Kansa

Mai karatu, wuta ta taɓa jan ka? Wataƙila firji ka dafa da jiƙaƙƙen hannu, ko kuwa wayar dutsen guga ce ta ɓare ba ka lura ba. In ta taɓa jan ka, to gwada ka kwatanta wa wani abin da ka ji. Zafi ne? Duka ne? In duka ne, wa ya doke ka, kuma a ina? Yawancinmu iyakarmu mu yarfe hannu mu ce "kai, shokin!", daga nan baki ya mutu. Amma akwai wani mutum da wuta ta ratsa tun daga hannu ɗaya har ta fita ta ɗayan, kwana 2 bayan haka ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya ji daki-daki. Kuma ka san fuskarsa, ko da ba ka san sunansa ba.

Shi ne dattijon nan mai sanƙo da ke jikin takardar dala 100, wadda 'yan canji ke ɗagawa su haska a Wapa. Sunansa Benjamin Franklin, mutumin Filadalfiya a Amurka. Kafin mu shiga ɗakinsa a daren da abin ya faru, sai mun leƙa Turai mun ga kwalbar da ta jawo masa.

A wancan zamani babu turakun wuta, babu ƙwan fitila. Masana kan murza dunƙulen gilashi ne su samu ɗan tartsatsi, ya yi ƙyas ya ɓace. Damuwarsu ita ce yadda za a tara wannan wuta a ajiye. A birnin Leiden na ƙasar Holan, wani farfesa mai suna Pieter van Musschenbroek yana ta ƙoƙarin ɗura ta cikin ruwa a kwalba. Ka'idar masana ita ce a ɗora kwalbar a kan abin da wuta ba ta bi, don kada ta zurare. Sai wani lauya, Andreas Cunaeus, mai zuwa kallo, ya koma gida ya gwada shi kaɗai. Bai bi ka'ida ba, ya riƙe kwalbar a tafin hannunsa, ya kai ɗaya hannun ga wayar. Abin da masana suka daɗe suna nema, rashin sani ya tono shi, kuma ya tono shi da mugun duka.

Farfesa ya ji labari ya maimaita da kansa. A watan Janairu 1746 ya rubuta wa masanin Faransa René Réaumur cewa hannunsa da jikinsa duka sun girgiza kamar aradu ta faɗa masa, har ya zaci tasa ta ƙare. Ya ce ko za a ba shi masarautar Faransa kacokan ba zai sake ba, ya kuma shawarci abokinsa kada ya kuskura ya gwada.

To kai mai karatu, da kai aka aiko wa wannan wasiƙa, me za ka yi? Za ka ce a'uzubillahi ka ninke ta? Mutanen Turai dai rububin kwalabe suka shiga. A Leipzig ta Jamus, Farfesa Johann Winkler ya gwada, jikinsa ya ɗauki kakkarwa, kansa ya yi nauyi, ya yi haɓo har sau 2. Matarsa ta ga halin da ya shiga da idonta, amma ta miƙa hannu ita ma. Ta karɓa sau 2, ta koma da ƙyar take iya tafiya. Bayan mako guda ta sake dawowa, wannan karon ita ma ta yi haɓo. A Faransa kuwa, Jean-Antoine Nollet ya jera sojoji 180 riƙe da hannun juna a gaban Sarki Louis na 15, ya sake musu wuta, suka yi tsalle a tare. Son ganin ƙwaƙwaf ya fi tsoro ƙarfi a zuciyar ɗan Adam, ni dai haka na fahimci wannan rububi.

Labari ya haye teku ya iske Franklin. Shi ba farfesa ba ne, karatunsa na makaranta bai wuce shekara 2 ba. Da aikin ɗab'i ya yi arziki, a 1748 yana da shekara 42 ya miƙa harkar ga abokin cinikinsa, ya duƙufa a kan lantarki. Cikin ɗan lokaci ya gano abin da ya shige wa masanan Turai duhu: cikin kwalbar da bayanta suna ɗauke da caji iri biyu masu kishiyantar juna, kuma duk abin da ya haɗa ciki da baya, ta jikinsa wutar za ta bi. Shi ne ya fara kiran jerin irin waɗannan ma'ajiyan wuta da sunan batir. Ka riƙe wannan da kyau. A duk faɗin Amurka babu wanda ya kai shi sanin cewa ba a taɓa ciki da baya a lokaci guda.

A watan Afrilu 1749 ya rubuta wa abokinsa Peter Collinson na Landan cewa shi da abokansa suna shirin walima a bakin kogin Schuylkill. Za a kashe talotalo da lantarki, a gasa shi a kan tsinken da lantarki ke juyawa, a wutar da aka kunna da tartsatsin kwalba. Kaji ba su ba shi wahala ba. Talotalo ne ya yi taurin rai. A sake masa wutar da ta kashe kaza, ya faɗi yana shure-shure, ya kwanta kamar ya mutu, kafin rubu'in awa ya miƙe. Duk wannan kuwa da manyan tuluna na gilashi Franklin yake yi, kowanne mai cin galan 6.

Daren 23 ga Disamba 1750. Ɗaki cike da baƙi, ana ta hira. Tuluna 2 sun sha caji, wutar da ke cikinsu ta kai ta ƙananan kwalabe 40. An haɗa wayoyinsu na sama wuri guda, an ɗaura sarƙa a bayansu. Franklin yana riƙe da sarƙar a hannu ɗaya. Wannan ya yi masa magana, wancan ya yi wa na kusa da shi magana. Ɗaya hannun ya tafi wajen wayoyin sama.

Baƙin sun ce haske ya cika musu ido, ƙarar kuwa kamar an harba ƙaramar bindiga. Shi fa? Bai ga hasken ba. Bai ji ƙarar ba. Ko shigar wutar a hannunsa bai ji ba. Hankalinsa ya riga ya ɗauke kafin ido da kunne su kai masa rahoto.

Abin da ya ce ya ji shi ne duka guda ɗaya da ya game jikinsa baki ɗaya, daga ka har ƙafa, ciki da waje a lokaci guda, ya kuma amsa cewa bai san yadda zai kwatanta shi da kyau ba. Bayan nan sai ya tsinci jikinsa yana wata irin kakkarwa mai ƙarfi da sauri. Tana lafawa a hankali, hankalinsa yana dawowa a hankali. Tunanin farko da ya zo masa shi ne, lallai tulunan nan sun juye wutarsu, to amma ta yaya? Yana tsaye yana wannan lissafi, sai idonsa ya faɗa kan sarƙar da ke hannunsa. A nan ne ya tuna abin da ya tashi yi, ya kuma gane ta wace hanya wutar ta bi.

Inda ta shiga ya kumbura, dunƙule kamar rabin harsashi. Yatsun da suka riƙe sarƙa suka yi fari fat kamar an kore jinin cikinsu, suka zauna haka minti 8 zuwa 10, in ya taɓa sai ya ji kamar mataccen nama. Hannuwansa da ƙeyarsa suka sage har wayewar gari. Ƙashin ƙirjinsa ya ci gaba da ciwo kamar an daka shi. Bai faɗi ba. Kuma duk wannan al'amari bai kai minti guda ba.

Mai karatu, sa kanka a matsayinsa. Kai ne gwanin garin, mutane sun taru su ga gwanintarka, ga talotalo yana kallon ka da ransa, kai kuma kana rawar jiki da sarƙa a hannu. Da safe me za ka yi? Za ka roƙi baƙin su rufa maka asiri? Kunya ta kama Franklin ƙwarai. A wasiƙar da ya aika wa ɗan'uwansa a Boston ranar 25 ga Disamba, ya ce a sanar da James Bowdoin, wanda shi ma yake irin waɗannan gwaje-gwaje, don ya yi hattara, amma kada maganar ta wuce nan. Ya kwatanta wautarsa da ta mutumin da ya je satar albarushi, ya huda gangar da jan ƙarfe mai zafi. Duk da haka bai rage komai ba a cikin bayanin, har da cewa yana jin surutun baƙi ne ya ɗauke masa hankali. Wannan gaskiya tasa ita ta fi burge ni a labarin, fiye da tulunan da girmansu.

Kuma kunyar ba ta daɗe tana rinjayarsa ba. A farkon 1751 shi da kansa ya rubuta wa Collinson labarin, William Watson ya karanta shi a gaban babbar majalisar masana kimiyya ta Landan. A ciki ya ba da rahoton cewa da tuluna 5 sun kashe talotalo mai nauyin kusan kilo 4 da rabi, kuma naman tsuntsun da aka kashe ta wannan hanya ya fi laushi. Ya ƙara da cewa ya gano mutum yana iya jure wutar da ta fi yadda ya zata.

A nan sai na tsaya da kai, domin wannan magana tasa tana iya yaudarar wanda bai san bambanci ba. Hanyar da wutar ta bi a jikinsa, daga hannu zuwa hannu ta ƙirji, tana cikin mafi haɗari, domin zuciya na kan hanya. Shi ya sa gogaggun masu gyaran wuta kan sa hannu ɗaya a aljihu in suna kusa da waya mai rai. Abin da ya taimaki Franklin shi ne tulu yana juye abin da ke cikinsa ne cikin ƙiftawar ido, ya ƙare. Wutar soket ɗin ɗakinka ba ta ƙarewa. Ƙarfinta ya kai wajen bolt 230, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, tana tilasta wa tsoka ta ƙanƙame. Tsokar da ke dunƙule hannu ta fi mai buɗe shi ƙarfi, don haka yatsu sai su damƙe wayar. Abin da ake buƙata don hannu ya kasa saki bai kai kashi 1 cikin 10 na wutar da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ke ja ba. Da ka shigo ka tarar da ƙaninka a maƙale haka, me za ka fara yi? Zuciya za ta ce ka cafko shi. In ka cafko shi da hannu, kun zama ku biyu. A kashe wutar tukuna, in ba hali a ture shi da busasshen katako.

Shin Franklin ya ja da baya bayan wannan dare? Ina! A 1752 ya ɗaga abin wasan nan na ƙyalle da ake sakar wa zare iska ta yi sama da shi, a ƙarƙashin hadari, da mabuɗi a ɗaure a jikin zaren, don ya tabbatar walƙiya da wutar kwalba abu ɗaya ne. Ya tsira. Wani bai tsira ba. A 1753, a birnin St. Petersburg na Rasha, Farfesa Georg Richmann yana wurin taron masana ya ji tsawa, ya garzaya gida tare da mai zana masa hotuna don ya auna wutar da sandan ƙarfensa ke jawowa daga hadari. Ya sunkuya kusa da na'urar, wuta ta yi tsalle ta same shi a goshi. Aka tarar da jan tabo a goshinsa, takalminsa ya tsage. Mai zanen ya faɗi amma ya tashi. Richmann yana da shekara 42.

Kana jin wanda ya sha irin ta daren talotalo zai sake yin sakaci? To saurara. A wata wasiƙa da ya rubuta wa likita Jan Ingenhousz a 1785, yana tsoho tukuf, Franklin ya ba da labarin wata rana da aka kawo masa mai ciwon shanyewar jiki, domin a lokacin ana fatan lantarki zai farfaɗo da gaɓoɓin da suka mutu. 'Yan rakiya suka cika ɗakin. Ya sa suka riƙe hannun juna, ya cika manyan tuluna 2. Saboda cunkoso ya bar inda ya saba tsayawa ya matsa gefe, bai lura ba ya tsaya daidai ƙarƙashin wata ƙugiyar ƙarfe da ke rataye daga rufin ɗaki, tsakaninta da kansa inci 2 kacal. Ita kuwa ƙugiyar, waya ta haɗa ta da bayan tulunan.

Ya kai hannu don ya sake wuta. Bai ga haske ba, bai ji ƙara ba, bai ji duka ba. Sai kawai ya gan shi a ƙasa. Ya miƙe bai san me ya kayar da shi ba, ya sake nufar tulunan don ya ƙarasa aikinsa. Wani daga cikin mutanen ya ce masa ai wutar ta riga ta fita. Franklin bai yarda ba sai da ya gwada ya ga tulunan wayam. Tsakar kansa ta kumbura ta yi kwanaki tana ciwo. Majinyacin da aka ɗauko takanas don a ba shi wuta, da 'yan rakiyarsa da ke tsaye riƙe da hannun juna suna jira, ko ɗaya daga cikinsu ba ta taɓa ba.