Kada Ya Yi Ƙaranci a Kogin Kaduna, Amma Halinsa Bai Canja Ba

Mu mazauna Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa, bakin kogi wurin neman abincinmu ne. Tun da asuba masu wanki, masu ɗibar yashi, masunta da 'yan lambu suke sauka, kowa ta mashigar da ya saba. Yaranmu da yawa ba su san kada ba sai a hoto ko a wurin shaƙatawa na Gamji, domin farauta da cunkoson gari sun rage shi ƙwarai. Damuwata ita ce ƙarancinsa ya sa mun manta halinsa.

Kada ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan lafe a ruwa, ido da hanci kaɗai a waje, yana lura da mai zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Saboda haka mai durƙusawa a kan dutse guda kowace safiya ya fi kowa shiga haɗari. A ɗebo ruwa da guga mai igiya, a ja baya 'yan taku, a yi wankin a tudu. Kar a shiga ruwa da magariba, da dare ko da asuba, lokacin farautarsa ke nan. In ka haska tocila ka ga jajayen idanu biyu a saman ruwa, ka bar wurin. Masu zubar da hanjin kifi ko mushe a gaɓa kuwa, kiransa suke yi.

Damina ta fi ba ni tsoro. Kogin nan daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa kogin Neja, kuma idan ya yi ambaliya, kamar ta Satumbar 2015, ruwa na shigowa unguwanni da abin da ya kwaso. A 2012 ambaliya ta kai kadoji har cikin gidaje a jihar Binuwai. Da rani kuma macen takan binne ƙwai a yashi, ta yi gadinsu kusan wata 3, don haka kar yaro ya ɗauki jaririn kada, uwar na kusa.

Wanda kada ya cafke ya kai wa idanunsa duka. Cizon ko ƙarami ne a garzaya asibiti, domin saurin ruɓewa yake yi. Duk wanda ya hangi kada ya sanar da mai unguwa nan take, iyaye kuma su hana yara wanka a wurin.