Mai Koyar da Turanci a Aji Ɗaya

Tsarin ilimin ƙasa na 2004 ya tanadi yaro ya fara karatu da harshen gida, Turanci ya zama darasi guda cikin darussa har sai ya shiga aji huɗu. A Kaugama, ɗaya daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, wannan darasi shi ne kusan duk Turancin da ɗan shekara shida zai ji a yini. A gida Hausa ce, a kasuwa Hausa, a ruga Fulatanci. Malamar da aka danƙa wa aji ɗaya, sau da yawa mai takardar NCE daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, ita ce ke buɗe masa ƙofar.

Gogaggu a sana'ar sukan fara da 'ya'yan itatuwa, don abu ne da yaro ya taɓa riƙewa, ya ɓare, ya sha. Sai dai littafi da tuffa yake farawa, yaron fadama kuwa bai taɓa ganin bishiyarta ba, in ma ya ga 'ya'yan to a teburin mai kayan marmari ne a Haɗeja. Abin da ya sani kankanar noman rani ce, da gwaba, da mangwaron bazara, da dabinon buɗa-baki. Malamar da ta san aikinta takan ajiye littafin, ta shigo aji da ɗan kwando, galibi da kuɗin aljihunta ta cika shi.

Gwanintar tana wajen gane wanda ya iya da wanda ke bin ayari. Yaran nan sun zo da kaifin hadda daga makarantar allo da Islamiyya. Ka jera musu sunaye biyar, kafin a tashi tara sun rera su tas, aji ya ɗauka gaba ɗaya, hedimasta na wucewa ya gyaɗa kai. Amma hadda daban, ganewa daban. Sai malama ta hargitsa jerin, ta ɗaga ayaba a inda suke jiran lemo. Rabin aji ya ce lemo da ƙarfi. Ta sa hannu bayanta ta ɓoye gwaba, ta kira wata 'yar shiru-shiru daga ƙarshen tabarma: "Zo nan 'yata, shinshina ki gaya mini." Hannaye sama, ana ta "Malama ni! Malama ni!", ita kuwa ba ta kula su ba sai yarinyar ta buɗe baki.

Akwai kuma faman baki. Hausa ba ta da sautin p da v irin na Turanci, shi ya sa sunan gwanda da na abarba ke fita da f, na gwaba kuma da b. Wasu malamai kan sa yaro ya riƙe guntun takarda gaban leɓe, in ta motsa iska ta fita daidai. Dabara ce mai arha, kuma tana ci.

Tambayar da ke tsayar da malami ita ce ta goruba, aduwa, magarya, kanya da ɗinya. Su yara ke ci a hanyar makaranta, su kuma littafi ya manta. Ina ganin malamin da ya ce "bari in bincika, gobe in gaya muku" ya fi wanda ya daka tsawa a yi shiru.

Shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa wa ya horar da malaman firamare a Jigawa kan koyarwa da kayan gani da taɓawa, hukumar SUBEB a Dutse kuma ita ke kula da makarantun. Amma shekarar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya, kamar 2022, azuzuwa da dama a yankin kan koma mafakar waɗanda ruwa ya kora. In aka dawo, malama daga sunan farko take sake farawa.